Yadda za a koyar da ɗalibai haɗarin shan maganin likita ba bisa ƙa'ida ba

Tambaya: Ni malama ce a makarantar gwamnati, ina koyar da darasin kiwon lafiya a ƙananan azuzuwan sakandare. Hukumar makaranta ta ce in shigar da batun shan magungunan asibiti ba bisa ƙa'ida ba cikin darussana na wannan zango. Na yi niyyar tara hotunan waɗanda ƙwaya ta lalata in nuna wa yara, in kuma gayyato jami'in tsaro da wani wanda ya taɓa shaye-shaye ya daina, su yi musu jawabi. Wata abokiyar aikina kuma ta ce kada ma in taɓo zancen, wai zan koya wa yaran abin da ba su sani ba. Wace hanya ce daidai?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki taɓo zancen, wannan babu ja a kai. Sai dai tsarin da kika yi niyya, wato hotunan ban tsoro da jawabin baƙi na yini ɗaya, shi ne aka fi gwadawa a duniya, kuma shi ne ya fi ba da kunya duk lokacin da aka zo auna sakamako. Abokiyar aikinki ma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, zan zo kan maganarta.

Ki fara lura da abin da ya raba wannan darasi da darasin hodar iblis ko tabar wiwi. Waɗancan kina iya ce wa yaro kada ya kusance su, magana ta ƙare. Kodin da tiramadol da diyazafam kuwa magunguna ne na gaske, ana rubuta su a asibiti kowace rana, kuma suna taimakon marasa lafiya. Yaron da ke zaune gabanki ya ga an rubuta wa mahaifiyarsa irin ƙwayar bayan tiyata, ta sha, ta samu sauƙi. Ranar da kika tsaya kika ce masa guba ce, ya san ba haka abin yake ba, kuma daga nan ya daina yarda da sauran abin da za ki faɗa, har da na gaskiyar. Aikinki shi ne ki nuna masa inda magani yake daina zama magani. Hakan na faruwa idan mutum ya sha wanda aka rubuta wa wani, ko ya sha nasa fiye da yadda aka ce ko ta wata hanyar da ba ita aka ce ba, ko kuma ya sha don wata bukata daban, kamar neman maye, ko barci, ko hana ido barci saboda jarrabawa, ko ƙarfin aiki. Yara da yawa ba su ɗauki na farkon, wato shan maganin wani, laifi ba sam. A ganinsu taimako ne, kamar ara wa aboki biro.

Wannan ɗaukar da ake yi wa maganin likita, cewa tunda daga asibiti ya fito ba zai cutar ba, ita ce ta jefa Amurka cikin bala'in da har yau ba ta fita ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, maganin kashe zafi dangin ofiyam (dangin da kodin da tiramadol ma suke ciki), ya tallata shi ga likitoci a matsayin wanda ba ya saurin kama mutum. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara kan wannan iƙirari, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, amma kafin nan ɓarna ta yi nisa. A 2017 gwamnatin ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya kan lamarin, kuma a 2021 waɗanda shan ƙwaya fiye da kima ya kashe a shekara guda sun haura 100,000. A Yammacin Afirka matsalar ta zo da wata fuska. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya fitar kan Najeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba don jinya ba a cikin shekara guda, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A watan Mayun 2018 ƙasar ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC. Ingila ma ta ƙara tsaurara doka kan firigabalin da gabafentin, magungunan ciwon jijiya da farfaɗiya, a 2019. Duk waɗannan abubuwa ne da suke fitowa cikin kwali mai kyau da takardar bayani a ciki.

Akwai wani abu guda da ya kamata ya sauya yadda kike tsara darasin. Binciken ƙasa da ake yi duk shekara a Amurka ya daɗe yana nuna cewa kusan rabin masu shan maganin kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba daga hannun aboki ko ɗan'uwa suka samu, yawanci ma kyauta. Ke nan wanda zai fara miƙa wa ɗalibinki ƙwaya ba baƙo ba ne mai muguwar fuska a lungu. Ƙawarta ce da ta ga tana murƙususun ciwon mara, ko yayansa, ko abokin wasan ƙwallonsa, kuma da kyakkyawar niyya. Idan duk shirin da kika yi wa yaro na gudun dillali ne, kin bar shi hannu rabbana a gaban mutumin da yake ƙauna.

Yanzu batun hotuna da baƙi. Mukan ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma a kan wannan tunanin aka gina shirye-shirye masu yawa. Mafi shahara shi ne DARE, wanda aka fara a birnin Los Anjeles a 1983, inda 'yan sanda sanye da kaki suke shiga aji suna gargaɗin yara. Ya bazu a mafi yawan gundumomin makarantun Amurka, iyaye suna so, yara ma suna jin daɗinsa. Da masu bincike suka tattara sakamako a 1994, sai suka ga tasirinsa kan shaye-shaye bai taka kara ya karya ba. Wani binciken da aka buga a 1999, wanda ya bi ɗalibai har shekara 10, bai ga bambanci tsakanin waɗanda suka yi shirin da waɗanda ba su yi ba. Sai a 2009 masu shirin suka sauya manhajar. Ƙa'idojin riga-kafi na duniya da UNODC ta fitar a 2013, ta sabunta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, sun ambaci hanyoyin da ba sa haifar da ɗa mai ido, wasu lokutan ma sukan jawo akasin abin da ake nema. A cikinsu akwai lacca zalla, da tsoratarwa, da wa'azin ɗabi'a shi kaɗai, da kawo waɗanda suka taɓa shaye-shaye su ba da labarinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan kika dubi lamarin da idon ɗan shekara 13. Kin nuna masa hoton mutumin da ya rame, haƙora sun zube. Shi kuma ya san wani a ajin gaba da ke shan ƙwayar, yana nan garau, har yana cin ƙwallo. Wanne zai gaskata? Wanda ya gani da idonsa. Shi kuwa baƙon da ya daina, komai kyan niyyarsa, ga shi tsaye cikin shiga mai kyau, an ba shi makirufo, kowa ya yi tsit yana sauraronsa. Abin da wasu yaran suke ɗauka shi ne ana iya shiga a fito lafiya, har a zama abin kallo. Ƙari a kan haka, sashen ƙwaƙwalwa da ke auna abin da zai biyo baya ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Barazanar abin da zai faru bayan shekara goma ba ta da nauyi a wurin yaron da damuwarsa ita ce kada abokai su yi masa dariya yau da yamma.

Nan ne maganar abokiyar aikinki take da gurbi. Amurka ta kashe kusan dala biliyan 1 tsakanin 1998 da 2004 kan tallace-tallacen gargaɗin matasa a talabijin da rediyo. Da aka auna, ba a ga raguwa ba, kuma an ga alamun cewa wasu daga cikin waɗanda suka fi ganin tallan sun ƙara ɗauka cewa kowa yana sha. Wannan shi ne haɗarin gaske. Idan kika shiga aji kina cewa ƙwaya ta gama da matasan zamani, babu wanda ya tsira, yaron da bai taɓa sha ba zai ji kamar shi ne bare. Gaskiyar magana kuwa ita ce mafi yawan ɗalibai ba sa sha. Ki faɗa musu haka, ki maimaita. Kina iya sa su rubuta a 'yar takarda, ba suna, yara nawa cikin goma suke zaton suna shan ƙwaya a cikin sa'o'insu, sannan ki kwatanta da alƙaluman hukumar lafiya. Kusan kullum hasashensu ya kan zarce gaskiya nesa ba kusa ba, kuma gyara wannan zaton yana cikin abubuwan da aka ga suna aiki. Haka nan akwai bayanan da ba su da wuri a aji: ƙwaya nawa ke sa maye, da me ake haɗa ta don ta ƙara ƙarfi, a ina ake samu, yaya daɗinta yake. Idan ɗalibi ya tambaya, ki ce wannan ba ya cikin abin da zai kare lafiyarsa, ki wuce. Shiru gaba ɗaya kuwa ba mafita ba ne, domin wayar da ke aljihunsu ba ta yin shiru.

To me yake aiki? Jerin darussa, ba taron yini ɗaya ba. Ƙa'idojin da na ambata sun yi maganar zama 10 zuwa 15, sau ɗaya a mako, malamin da aka horar yana jagoranta, yara suna yin abu da kansu, sannan a riƙa tunatarwa a shekarun da ke biye. Shirin Unplugged misali ne mai kyau: darasi 12 na awa ɗaya ɗaya ga 'yan shekara 12 zuwa 14, malamin aji ne yake koyarwa. An gwada shi a ƙasashen Turai bakwai a tsakiyar shekarun 2000, daga baya aka gyara shi aka gwada a makarantun sakandare na Najeriya da tallafin UNODC. Akwai kuma LifeSkills Training, shirin koyon dabarun rayuwa na masanin Amurka Gilbert Botvin. Wanda ya fi shafar tambayarki kai tsaye shi ne binciken Richard Spoth da abokan aikinsa da aka buga a 2013. Sun bi yaran jihohin Ayowa da Fensilbeniya da aka yi wa shirin koyon dabarun rayuwa, wasu tare da iyayensu, tun suna ƙananan azuzuwan sakandare. Da suka girma, shan maganin likita ba bisa ƙa'ida ba ya yi ƙasa a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi shirin ba. Abin lura shi ne shirye-shiryen ba a kan maganin likita aka gina su ba. Abin da aka koya wa yaran shi ne yadda za su ƙi abu ba tare da sun rasa aboki ba, yadda za su yi da fushi da fargaba, yadda za su tsaya su yi tunani kafin su yanke shawara.

Bari in nuna miki yadda zama ɗaya zai iya kasancewa. Ki fito da ɗalibai biyu gaban aji. Ɗaya ta dafe kai, gobe jarrabawa, ciwon kai ya hana ta karatu. Ɗayar ta zaro ƙwaya daga jaka ta ce, "Ungo, na yayata ne, likita ne ya rubuta mata, minti goma kin warke." Ki bar ta farkon ta amsa yadda ta ga dama. Yawanci za ta ce "a'a" a sanyaye, idonta a ƙasa. Sai ki raɗa wa mai tayin ta matsa: "Ke dai kin cika tsoro. Kina ganin zan cuce ki ne?" A nan ake ganin inda yara suke karyewa, domin yanzu zancen ya tashi daga magani ya koma kan amana. Ki tsayar da wasan, ki tambayi aji me za ta ce wanda ba zai ɓata ƙawancen ba. Za su kawo amsoshin da suka fi naki: "Na gode, amma ba na shan abin da ba nawa ba, jikina ba ya ɗaukar kowane magani." Ko, "Raka ni wurin malamar jinya dai." Ki sa kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa da bakinsa, a sauya matsayi, a sake. Maganar da baki ya saba furtawa ita take fitowa a lokacin da gaba ke faɗuwa. Kuma kada ki manta da ɗaya ɓangaren. Yaron da aka rubuta wa magani shi ma yana bukatar koyon yadda zai hana idan aka roƙe shi, kuma wannan ya kan fi wuya.

Wani zaman kuma ki kawo kwalayen magani da babu komai a ciki, tare da takardun bayaninsu, ki raba wa rukuni rukuni. Su nemo sunan sinadarin da ke ciki, ba sunan kamfani kawai ba, da ƙarfinsa a miligiram, da ranar lalacewa, da gargaɗin da aka rubuta da ƙananan haruffa. Ki tabbatar cikin kwalayen akwai biyu masu suna daban da launi daban waɗanda duk farasitamol ne a ciki, misali na ciwon kai da na mura. Idan suka gano da kansu, sai ki gaya musu cewa babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, kuma wanda ya haɗa irin waɗannan biyun yana iya zarcewa bai sani ba, hanta ta lalace, alhali a ranar farko yana jin kamar lafiyarsa ƙalau. Na fi son a fara da farasitamol saboda babu mai jin kunyar zancensa, kuma yana dasa tushen da komai zai hau kai: adadi da jikin mai sha su ne suke raba waraka da cuta.

Daga nan sai ki shiga dalilin da ya sa maganin wani ba naka ba ne, da hujjar da za ta gamsar. Likita ya kan duba nauyi da shekaru da lafiyar ƙoda da hanta da sauran magungunan da mutum yake sha. Kodin kansa ba shi ne yake kashe zafi sosai ba, hanta ce take juya shi ya zama mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma akwai mutanen da halittarsu take yin wannan juyin da sauri fiye da kima. Cokalin da bai yi wa wani komai ba yana iya danne numfashin wani. Wannan na cikin abin da ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. Tiramadol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan ya yi yawa ko ya haɗu da wasu magungunan ciwon damuwa. Magungunan sa barci dangin diyazafam idan suka haɗu da masu kashe zafi dangin ofiyam, ko da giya, suna taruwa su rage numfashi har ya tsaya. Masu shan Ritalin ko Adderall, magungunan rashin natsuwa, don karatu ba tare da an rubuta musu ba kuma, binciken da aka yi kan ɗaliban jami'a bai nuna makinsu ya ƙaru ba. Ki yi musu bayanin sabo a sauƙaƙe: jiki yana daidaita kansa da maganin, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, daga baya mutum ba daɗi yake nema ba, gudun azabar rashinsa yake yi. Wanda ya daina na ɗan lokaci ya koma kan adadinsa na da yana cikin babban haɗari, domin jikin ya riga ya sauka daga wancan matakin. Wanda kuma ya daɗe a kan dangin diyazafam bai kamata ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba, domin hakan ma yana kawo jijjiga.

Ga manyan azuzuwa akwai batun jabu, wanda ya sauya lissafin gaba ɗaya. Ƙwayar da aka samu a hannun aboki ko ta intanet tana iya kama da ta asibiti sak, launi da tambari, amma abin da ke ciki daban. Fentanil, wani dangin ofiyam da ake sakawa a irin waɗannan jabun, ya fi mofin ƙarfi kusan sau 100, kuma miligiram 2 na iya kisa. A 2023 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce 7 cikin 10 na jabun ƙwayoyin da ta gwada masu fentanil suna ɗauke da adadin da zai iya kashe mutum. A Yammacin Afirka kuma an sha kama tiramadol mai ƙarfin miligiram 200 zuwa 250, alhali wanda aka saba bayarwa a asibiti 50 ne ko 100. Wannan bayani ne mai tayar da hankali, amma ki faɗe shi a natse, yadda za ki faɗi kowane darasin kimiyya. Gaskiyar ta isa, ba ta bukatar ƙarin gishiri.

Darasin da ba zan yarda a tsallake ba shi ne na gaggawa. Wata rana ɗaya daga cikin yaran nan zai tarar da aboki ko ɗan'uwa a kwance. Ya kamata ya san cewa wanda aka girgiza aka kira sunansa da ƙarfi bai motsa ba, numfashinsa jefi-jefi, yana wani irin munshari mai kama da shaƙewa, leɓɓansa da farcensa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, wannan ba barci yake ba. Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne a ce a bar shi ya yi barci zai wartsake, ko a ɗura masa wani abu a baki, ko a ɓoye saboda tsoron faɗa. Abin yi shi ne a kira babba da agajin gaggawa nan take, a kwantar da shi a gefensa kada amai ya shaƙe shi, a tsaya tare da shi, a kuma faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da ya sha. Ki sa su gwada kwantarwar a kan tabarma ko bargo a aji, hannu a ƙarƙashin kunci, gwiwa a lanƙwashe. Akwai maganin da ake kira naloksan mai karya ƙarfin dangin ofiyam cikin mintuna kaɗan. A Amurka an amince a sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba tun 2023, kuma dokar jihar Merilan ta 2017 ta wajabta ajiye shi a makarantun gwamnati. Inda ake samunsa, yara su san da shi, su kuma san cewa ƙarfinsa ya kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka asibiti dole ne ko da mutum ya farka.

Akwai abin da yake damuna ƙwarai a irin waɗannan darussa, kuma ina roƙonki ki kiyaye shi. A cikin ajinki akwai yaron da yake da amosanin jini, wanda idan ciwon ya tashi babu abin da ke sauƙaƙa masa sai irin waɗannan magunguna masu ƙarfi. Akwai mai farfaɗiya, akwai mai shan maganin ciwon damuwa ko na rashin natsuwa. Kalma ɗaya ta ganganci daga bakin malami ta isa ta sa a fara kiransa ɗan ƙwaya a filin wasa, shi kuma ya fara ɓoye maganinsa ko ya daina sha, ya faɗa cikin wahalar da ba ta da dalili. Ki faɗa a fili tun zaman farko cewa wanda yake shan maganinsa yadda likita ya ce daidai yake yi. Duk da haka su ma a koya musu taka-tsantsan. Wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa ɗaliban Amurka da aka rubuta wa dangin ofiyam bisa ƙa'ida kafin su gama sakandare sun fi sauran yiwuwar shan su ba bisa ƙa'ida ba daga baya da kashi 33 cikin 100, kuma abin ya fi fitowa a cikin yaran da ba su da tarihin shaye-shaye, masu ƙyamar ƙwaya ma. Don haka a koya wa kowa ya tambayi likita: kwana nawa zan sha, akwai wanda ya fi sauƙi da zai yi aikin, yaya zan yi da ragowar? Sannan akwai yaron da mahaifinsa ko yayarsa ke fama da shaye-shaye. Idan kika kira masu sha 'yan iska ko lalatattu, shi kika soka, kuma ba zai taɓa zuwa wurinki ba.

Za a zo wurinki kuwa, idan darasin ya yi kyau. Ki shirya tun kafin ki fara. Ki zauna da shugaban makaranta da mai ba ɗalibai shawara ku amince kan abin da za a yi idan yaro ya ce yana sha, ko ana sha a gidansu. Ki gaya wa aji tun farko cewa ba a ambatar sunan kowa a misali, kuma za ki riƙe sirri sai dai idan rai yana cikin haɗari. Idan sakamakon faɗin gaskiya shi ne kora da tozartawa a gaban taron makaranta, yaro na farko da aka yi wa haka shi ne na ƙarshe da zai yi magana. Makarantar da ta kori ɗalibi ta raba shi da abu mafi ƙarfi da ke kare shi, wato zama cikin aji da kulawar manya. Akwatin tambaya da ake jefa takarda ba suna yana taimakawa sosai, za ki ga tambayoyin da babu mai iya ɗaga hannu ya yi.

Iyaye kuma saƙonsu gajere ne: su kulle magunguna masu ƙarfi, su san adadin da ya rage, su mayar da ragowa kantin magani ko asibiti inda ake karɓa, kuma su daina miƙa wa yara nasu maganin. Yaron da ya ga ana rabon magani a gida zai ɗauki darasinki a matsayin zancen makaranta kawai.

Jihohin Amurka da dama sun sa abin a doka. Ohayo ta wajabta koyar da haɗarin dangin ofiyam a darasin lafiya a 2014, Tekzas ta wajabta darasin fentanil daga aji 6 zuwa 12, wato har ƙarshen sakandare, a 2023. Doka tana buɗe gurbi a jadawali, amma ba ta horar da malami. Saboda haka ki nemi hukumar makarantarku ta ba ki awanni da horo da manhajar da aka riga aka gwada, maimakon ki ƙirƙiro komai ke kaɗai. Idan zango ɗaya kawai aka ba ki, ki ba wasan kwaikwayon ƙin tayi da karatun kwalin magani da darasin gaggawa mafi yawan lokacin.

Baƙo kuma ba haramun ba ne. Ki gayyato mai harhaɗa magunguna ko ma'aikaciyar jinya a tsakiyar jerin darussan, bayan yara sun tara tambayoyinsu a akwati, ki ba baƙon tambayoyin tun kafin ranar, ki kuma gaya masa abubuwan da ba a faɗa a aji. Jami'in tsaron yana iya zuwa taron iyaye ya yi bayanin doka da yadda jabun magani yake shigowa, nan ne maganarsa za ta fi amfani. Wanda ya daina shaye-shayen kuma ki haɗa shi da malamai da mai ba da shawara, ya gaya musu alamun da manya suka kasa gani a lokacin da shi yake ɗalibi.